Yadda za ku ɗauki tsofaffin waƙoƙin jaz, fok da rokabili a ɗaki ɗaya

Yawancin situdiyoyinmu, daga Garwa zuwa Marwa har Njamena, hanya ɗaya suka saba da ita: mai fiyano ya buga kiɗa a kwamfuta, mawaƙi ya shiga ya ɗora murya baiti bayan baiti, 'yan amshi su biyo baya, sannan a bi muryar da otocun, manhajar gyara sautin murya, a miƙar da ita. Wannan hanya tana biyan buƙata a waƙar biki da ta siyasa da ta fim. Amma in aka ɗauko tsohuwar waƙar jaz ko rokabili (salon kiɗan Amurka irin na farkon Elvis Presley) aka bi da ita ta nan, za a ji kowane sauti yana wurinsa, amma waƙar ba ta motsa kowa. Dalili kuwa shi ne, waɗannan waƙoƙi mutane ne suka taru a ɗaki ɗaya suka kaɗa su a lokaci ɗaya, kowa yana kallon hannun ɗan'uwansa.

Ranar 5 ga Yuli 1954 da Elvis Presley ya ɗauki "That's All Right" a situdiyon Sun da ke Memphis, su uku ne kacal: shi da jitarsa, Scotty Moore da jitar lantarki, Bill Black da kwantarabas, babbar bes ɗin nan ta katako da ake kaɗawa a tsaye. Ko ganga babu. Waƙar ma ba tasa ba ce, Arthur Crudup ne ya fara ɗaukarta a 1946, wato Elvis ɗin ma sake rerawa ya yi. Rudy Van Gelder kuwa, har zuwa 1959 a falon gidan iyayensa da ke Hackensack yake ɗaukar faya-fayan jaz na kamfanonin Blue Note da Prestige. Saboda haka kada rashin babban situdiyo ya karya muku gwiwa. Ƙarfinku ku zuba shi a kan bita, da zaɓen ɗaki, da inda kowa zai tsaya.

Kafin ku kashe ko dala

Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a kanta: na wanda ya tsara kalmomi da kari, da kuma na faifan da aka ɗauka. Mai sake rerawa na farkon ne ya shafe shi. Na biyun ba ruwanku da shi muddin ba ku yanko ko daƙiƙa ɗaya daga tsohon faifan ba. Kada ku yanko, kuma kada ku sauko da kiɗa zalla daga intanet ku ɗora murya a kai, domin shi ma da mai shi.

Dokar Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 tana kare waƙa har shekara 50 bayan rasuwar mai ita. Ta Cadi, ta 2003, shekara 70 ce. A Amurka, waƙoƙin da aka buga kafin 1978 kariyarsu tana kaiwa shekara 95 daga shekarar bugawa. Ga misali: W. C. Handy ya buga "St. Louis Blues" a 1914, ya rasu a 1958. A Amurka ta daɗe da zama ta kowa, da lissafin shekara 50 ma ta fita, amma da lissafin 70 sai ƙarshen 2028. Tunda abin da kuka sa a intanet ko'ina yake zuwa, ku yi lissafi da dokar da ta fi tsawo. Rokabili kuwa na shekarun 1950 ne, ku ɗauka kawai duk yana da masu shi.

Waƙoƙin fok na gargajiya, waɗanda ba a san wanda ya fara su ba, su ne suka fi sauƙi, amma akwai tarko. "Scarborough Fair" tsohuwar waƙar Ingila ce ta kowa da kowa, amma tsarin da Simon da Garfunkel suka yi mata a 1966 ba na kowa ba ne. Ku ɗauki kari da kalmomin asali, ku yi naku tsarin.

Abin da aka fi tuntuɓe a kai a wajenmu shi ne fassara. Lasisin sake rerawa na yau da kullum yana ba ku damar canja salo da sauri da kayan kiɗa, amma bai ba ku damar mai da kalmomin Hausa ko Fulatanci ba. Wannan sai da izinin kamfanin da ke riƙe da waƙar, a rubuce. In kuna son Hausa a bakin mawaƙinku, ku zaɓi waƙar da ta riga ta fita daga kariya. In kun ɗora bidiyo a YouTube, na'urarsu ta Content ID takan gane karin, yawanci kuɗin talla ya tafi wurin masu waƙar, wani lokaci a toshe bidiyon. Don sa sauti a Spotify da ire-irensa, masu rarrabawa irin su DistroKid suna nemo lasisin a kan wani kuɗi. Wasan dandali da rediyo a gida kuwa, hukumar haƙƙin mawaƙa za a nema, SONACAM ce a Kamaru, BUTDRA a Cadi. Mutumin Kamaru ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan wannan: kowa ya san yadda Manu Dibango ya bi haƙƙin "Soul Makossa" ta 1972 bayan amshinta ya bayyana a waƙar Michael Jackson. Abin da muke so a yi wa namu, shi za mu yi wa na wasu.

Tsari a takarda

Ku fara da muryar mawaƙi. Ya rera wurin da ya fi tashi a waƙar da wurin da ya fi sauka, a matsa ki, wato matakin sautin da aka ɗora waƙar a kai, sama ko ƙasa har duka biyun su zauna masa ba tare da jijiyar wuya ta fito ba. Ba dole ba ne ku tsaya a kin tsohon faifai. Mai jita ya sa kafo, maɗaurin da ke matse igiyoyi a wuyan jita, in kod ɗin, wato kamun igiyoyin, sun yi masa nisa.

Sannan ku rubuta ginin waƙar a babbar takarda ku liƙa inda kowa ke gani. Awo ɗaya shi ne ƙirgen ɗaya, biyu, uku, huɗu sau ɗaya. Yawancin tsofaffin waƙoƙin jaz awo 32 ne, kashi huɗu na takwas-takwas: na farko, maimaicinsa, wani dabam a tsakiya, sai a koma na farko. Kiɗan bulus (blues) da mafi yawan rokabili awo 12 ne suna zagayawa. Ku rubuta buɗewa awo nawa, wa zai yi solo, zagaye nawa, da yadda za a rufe. Rufewar nan ku yi mata bita ita kaɗai sau da yawa, domin ɗauka mai kyau takan lalace ne a daƙiƙa biyar na ƙarshe, inda kowa ke jiran wani ya tsaya.

Suwin, wato rangajin da ke cikin jaz da rokabili, ba baƙo ba ne ga kunnen da ya tashi da kalangu. Kowane bugu ana raba shi uku, a kaɗa na farko da na uku, a bar na tsakiya. Inda makaɗanmu suka fi zamewa shi ne nauyi: a nan yana kan 2 da 4 ne, ba 1 da 3 ba. Ku ajiye kayan kiɗa, ku kunna tsohon faifan, kowa ya yi tafi a 2 da 4 har jiki ya karɓa.

Game da Turanci, lafazinmu ba aibi ba ne, kada mawaƙi ya wahalar da kansa yana kwaikwayon bakin mutumin Tennessee. Abin da ke ɓata waƙa shi ne ƙarin gaɓa. Inda baƙaƙe biyu suka haɗu, bakinmu yakan cusa wasali a tsakani, kalma mai gaɓa ɗaya ta koma biyu, sai ta ture bugun da ke bayanta. A rubuta kalmomin, a ja layi ƙarƙashin irin waɗannan wurare, a karanta su a kan tafi kafin a rera. Wanda Faransanci ya fi zama a bakinsa yana da mafita mai kyau: "Autumn Leaves" asalinta "Les feuilles mortes" ce, kiɗan Joseph Kosma da kalmomin Jacques Prévert, kuma rera ta da Faransanci komawa asali ne.

Ɗaki

Ku tsaya a tsakiyar ɗakin ku yi tafi ɗaya mai ƙarfi. In kun ji wani "zirrr" yana bin tafin, bango biyu masu kallon juna ne ke jifan sautin tsakaninsu. Ɗakin siminti mai tayil, wanda ba kaya a ciki, shi ya fi wannan ciwo. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi shi nesa ba kusa ba: bangon ba sumul yake ba, yana tare ƙarar waje, ga sanyi. In akwai tsohon soro ko zaure da za a ba ku aro, ku gwada shi kafin falon zamani.

Girman ɗaki yana da nasa sautin. Tsakanin bango biyu masu nisan mita 4, sautin da ke wajen Hz 43 (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri) yakan kumbura, haka 86 da 129. Igiyar ƙasa ta bes tana Hz 41, ta jita tana 82, kun ga kusan a kansu suka faɗa. Shi ya sa a ƙaramin ɗaki wani sautin bes yake cika ko'ina, na kusa da shi kuma ya ɓace. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suke daidai ya fi muni, domin kumburin ninkuwa yake yi. Maganinsa katifu masu kauri a jingine a kusurwa biyu ko uku, darduma ko tabarma biyu a ƙasa, bargo a rataye a bango ɗaya da tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bangon. Kada ku lulluɓe ko'ina. Waɗannan waƙoƙi suna son a ji iskar ɗaki kaɗan. Kiret ɗin ƙwai da ake liƙawa a bango kuwa ado ne kawai, ba ya tare ƙarar waje, ba ya taɓa bes.

Rufin kwano yana ƙas-ƙas in rana ta fara dukansa da kuma in ya fara hucewa, da damina kuma ko yayyafi ya ishe shi ya tsai da aiki, abin da mutanen Ngaundere suka fi kowa sani. Kafin ranar ɗauka, ku je a daidai lokacin da kuke niyya, ku kunna makirfo, ku ɗauki minti biyu na shiru, ku saurara da hedifon. Nan za ku ji injin niƙan maƙwabta da babura da zakaran da kunne ya saba da su har ya daina ji. Ku tsara aikin tsakanin lokutan salla, yadda za a tashi a yi ta a natse, lasifikar masallaci ma ba ta shiga ɗauka ba. Bayan isha'i da kuma hantsi kafin gari ya ɗau zafi su suka fi.

Zafi kansa yana shiga cikin kiɗa. A Maris da Afrilu Garwa da Njamena sukan haura digiri 40, ga fanka dole a kashe ta lokacin ɗauka. Ku yi ɗauka ɗaya, ku kunna fanka, a sha ruwa, a sake. Kuma ku sani, in ɗaki ya ɗumama igiyoyin jita sauka suke yi, kayan busa irin saksofon da turumfet kuma hawa suke yi. Tun kuna daidai da juna, bayan rabin awa kun rabu. A sake saiti a kan Hz 440 bayan kowace ɗauka biyu. Da hunturu matsalar bushewa ce: jitar katako tana son danshin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa takan sauka ƙasa da 20. Fuskar jitar takan tsage, bakin ƙarafan wuyanta su fito suna yankar yatsa. A sa jiƙaƙƙen soso da aka matse a cikin robar sabulu mai huji, a ajiye cikin jakar jitar a rufe.

Wuta

Wutarmu volt 220 ce, Hz 50. Amfilifaya ta hannu da ta fito daga Amurka ta 110 ko 120 ce, in aka soka ta kai tsaye ta ƙone nan take. A duba rubutun da ke bayanta, a nemo taransifoma. Kayan da suka shigo ta Najeriya kuma filoginsu mai ƙafa uku ne, a saya musu adafta mai kama soket da kyau, domin mai sako-sako tartsatsi take yi, tartsatsin kuma yana fita a ɗauka.

Gurnanin "mmmm" da ke zama ƙarƙashin sauti na Hz 50 ne da 'ya'yansa, 100 da 150. Ku cire cajar kwamfuta ta koma kan batir. In ya ɓace kun gano tushensa, sai ku yi ɗaukar a kan batir. Duk kayan sauti su sha daga soket ɗaya, firji da cajar waya da doguwar fitila mai farin haske su nisance shi. Jitar lantarki mai fikof siriri (abin ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin igiyoyi) tana jawo gurnani daga iska: mai jitar ya riƙa juyawa a hankali a kan kujerarsa, akwai fuskar da in ya kalla gurnanin zai ragu sosai, sai ya zauna a haka. Janareto ya tafi bayan katanga da doguwar waya, da sitabilaiza a tsakani. Wayoyin kowa a sa su a yanayin jirgi.

Abu ɗaya ba na wasa ba: gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zube cikin ƙasa. In mawaƙi yana riƙe da jitar lantarki ya ji makirfo ya ɗan cije shi a leɓe, a tsai da komai a kira mai gyaran wuta. Wannan yana kisa.

Makirfo da inda kowa zai tsaya

Katin sauti, na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta, mai ƙofa huɗu, irin Behringer UMC404HD, ya ishi ƙungiyar mutum huɗu. Mai ƙofa biyu irin Focusrite Scarlett 2i2 ma yana yi. Makirfo dainamik irin Shure SM57 da SM58 suna jure ƙura da zafi, kuma ba sa kwaso ƙarar unguwa sosai. Kwandensa ya fi jin ƙananan abubuwa, yana buƙatar wutar volt 48 daga katin, kuma a rufe shi da leda ko a mai da shi akwati da zarar an gama.

Waɗannan makirfo gabansu ke ji, bayansu kurma ne. Wannan shi ne babban makaminku. Mawaƙi ya fuskanci mai ganga, yadda ƙeyar makirfonsa za ta kalli gangar. Amfilifayar jita ta kalli gefe, ba mawaƙi ba. Mai bes ya tsaya kusa da mai ganga don su ji juna, amma ba a kusurwa ba. Nisan da ke tsakanin makirfo biyu ya ninka nisan kowanne da abin da yake ɗauka aƙalla sau uku: in na murya yana santimita 20 daga baki, na kusa da shi ya kai 60 ko fiye. In an saɓa wannan, sauti ɗaya yakan isa makirfo biyu a lokuta mabambanta kaɗan, in an haɗa su ya sirance kamar daga cikin bututu yake fitowa. Ɗan shigar ganga cikin makirfon murya ba laifi ba ne, shi ke ɗinke ƙungiyar wuri guda. Illarsa ɗaya: ba za a iya goge murya a sake ta ita kaɗai ba.

In abin da kuke da shi rikoda ce ta hannu irin Zoom H4n, ko waya kawai, ku ɗora ta a tsayin ƙirji, ku zagaye gabanta kamar rabin da'ira. Miksin ɗinku da ƙafa za ku yi shi: mawaƙi taku ɗaya daga ita, jita taku biyu, ganga can baya. A ɗauki rabin minti, a saurara, wanda ya yi yawa ya ja baya, a sake. In wuri ya zauna a zana wa kowa alama da alli a ƙasa.

Ku ɗauka a WAV, bit 24, kHz 48. Mawaƙi ya rera wurin da ya fi ƙarfi, a saita yadda ma'aunin ba zai wuce -12 dB ba (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne, sifili shi ne iyakarsa). Da an fara ɗauka ta gaske kowa yakan ƙara ƙarfi, wannan tazarar ita za ta cece ku. Sautin da ya bugi sifili ya fashe ba ya gyaruwa. A waya, a nemi manhajar da ke barin a kashe saitin ƙarfi na kai-da-kai, in ba haka ba duk inda kuka sassauta sai ta ɗago ƙarar ɗaki.

Rokabili

Alamarsa ita ce amsa-kuwwar nan gajeriya mai dawowa sau ɗaya. Sam Phillips, mai situdiyon Sun, da rikodar tef biyu ƙirar Ampex 350 yake yin ta: sautin ya bi ta ta biyun, ya dawo a makare kaɗan. A manhajar Reaper ko Audacity ko BandLab, ku buɗe dile, abin da ke maimaita sauti a makare, ku sa milisakan 90 zuwa 130, maimaici ɗaya tak, fidbak, maɓallin ƙara maimaici, a sifili. Ku rage kaifin amsar daga wajen kHz 4 zuwa sama, domin tef ba ya dawo da ita da haske. Ku ɗaga ta har ku ji ta sarai, sannan ku sauke kaɗan. Ƙasa da milisakan 60 ba a jin ta a matsayin amsa, murya ce kawai take kauri. Sama da 150 kuma takan fara rikici da bugun waƙa mai sauri, rokabili kuwa yakan yi gudun bugu 160 zuwa 200 a minti. A sa ta a murya da jitar lantarki. Doguwar amsa-kuwwa irin ta babban zaure ba ta da wuri a nan.

Kwantarabas tana da wuyar samu a arewa. Da bes ta lantarki, a tura guntun soso ƙarƙashin igiyoyi dab da gadar, a rufe maɓallin kaifi, a kaɗa da gefen babban yatsa kusa da wuya. Sautin zai gajarce ya yi dum-dum. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji a tsofaffin faya-fayai igiya ce mai kwantarabas yake mara a jikin katako, sai wani ya maye gurbinsa da sanda a bakin ganga. In ba ganga, akwai dabarar Johnny Cash a "I Walk the Line" ta 1956: takarda ya saƙa tsakanin igiyoyin jitarsa, ta riƙa ba da shak-shak a madadin ganga. Amfilifayar jita ƙarama ta fi, SM57 a santimita 3 zuwa 5 daga ragarta, a ɗan kauce wa tsakiyar lasifikar don kada ta yi tsini. A haɗa komai a mono, wato layi ɗaya, ba a raba hagu da dama ba.

Jaz

Ku kashe metronom, na'urar da ke ƙirga bugu. Jaz yana numfashi, mai bes da mai ganga ne agogon. "Kind of Blue" na Miles Davis a zama biyu aka ɗauke shi, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, a wani tsohon coci a New York da Columbia ta mayar situdiyo, duk makaɗan suna wuri ɗaya.

A ƙaramin ɗaki mai ganga ya ajiye sanduna ya ɗauki buroshin kaɗa ganga. Makirfo ɗaya a sama, kamar mita ɗaya daga ƙaramar gangar, ya isa. Saksofon santimita 30 zuwa 40, a nufi tsakanin bakinsa da maɓallan, domin sautin ba daga baki kaɗai yake fita ba. Turumfet rabin mita zuwa mita ɗaya, a ɗan karkace. Fiyanon lantarki a soka shi kai tsaye cikin katin, amma a ba shi ƙaramar lasifika a ɗakin don sauran su ji shi ba da hedifon ba. Mai fiyanon ya kashe kiɗan rakiya na cikin na'urar, kuma hannunsa na hagu ya bar wa mai bes ƙasa, in ba haka ba su biyun za su yi ta takun juna.

Mai kalangu gwani yana iya bin tafiyar bes yana hawa da sauka da ita, ƙwarya kuma da zobe a yatsa tana riƙe 2 da 4 da kyau. A ganinmu wannan ya fi kwafin faifan Amurka sak daraja, domin mai son na asali yana da na asali. Sharaɗin dai kayan gida su shigo da aikin yi, kada a liƙa su don ado.

Fok

Makirfo ɗaya, mutum ɗaya ko biyu. A sa shi santimita 30 zuwa 40 a gaba, a tsayin da ke tsakanin baki da jita: in murya ta yi ƙasa a ɗaga shi, in jita ta yi ƙasa a sauke shi. In biyu ne, na jitar ya nufi inda wuya ya haɗu da jiki, wajen ƙarfe na 12 zuwa 14, ba ramin tsakiya ba, wanda bum-bum kawai yake fitarwa. Gurmi da garaya suna zama daram a waƙoƙin da aka saba yi da banjo, tunda banjo ɗin ma daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma masu fuskar fata ya samo asali. Sai dai a saita jita ta bi gurmin, kada a tilasta wa gurmi bin na'urar saiti.

Ɗauka da haɗawa

A faɗi lambar ɗauka da baki, a ƙirga, a shiga. In wani ya yi kuskure kada a tsaya, a kai ƙarshe. Bayan sautin ƙarshe kowa ya daskare daƙiƙa biyar, ba tari, ba ajiye sanda. Ɗauka uku zuwa biyar ta isa. In an wuce haka ba a samu ba, bita ce ba ta nuna ba, a koma mata wata rana. Wajen zaɓe, wadda ta fi rai ita ce gaba da wadda ta fi tsabta. In farkon ta biyu ya fi kyau, ƙarshen ta huɗu kuma ya fi, ana iya haɗa su in saurinsu ɗaya: a yanka dukkan layukan a wuri guda, dab da bugun farko na sabon awo.

Wajen haɗawa hannu ya yi sauƙi. A yanke ƙasa da Hz 80 a murya da jita. In sauti ya yi duhu a rage dB 2 ko 3 a tsakanin Hz 200 da 300. Kwamfuresa, mai danne ƙarfin sauti, a murya 2:1 ko 3:1, tana danne dB 3 a wuraren ƙarfi kawai. Jaz da fok su sami amon ɗaki na daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kaɗan, yadda sai an kashe shi za a lura da shi. Otocun a bar shi a rufe: mawaƙin bulus da jaz da gangan yake zamewa tsakanin sautuka, na'urar kuwa kuskure take ɗaukar wannan ta miƙe shi. Ƙarar tsohon faifai ta ƙarya da wasu ke zubawa a kai ma ba ta ƙara komai.

Masu sauraronku yawanci a lasifikar waya za su ji, ita kuwa ba ta fitar da ƙasan bes. A ɗaga wa bes ɗin dB 2 ko 3 a wajen Hz 700 zuwa 1000, inda ƙarar yatsa take, sai a ji tafiyarta ko a ƙaramar waya. Ƙarfin ƙarshe ya tsaya wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗayanta), ƙololuwa kada ta wuce -1 dB. Spotify da YouTube suna sauke duk abin da ya fi haka ƙarfi, wanda ya matse waƙarsa don ta yi ƙara ya yi asarar numfashinta a banza.

In za a tura wa juna ta WhatsApp, a tura fayil ɗin WAV a matsayin takarda, kada a riƙa mai da shi MP3 ana sake mayarwa. A wurin ɗorawa a rubuta sunan waɗanda suka tsara waƙar a gurbin marubuta, naku a gurbin masu rerawa, da sunan kowane makaɗi da abin da ya kaɗa. Layukan asali da ba a haɗa ba a kwafe su wuri biyu a ranar, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi da za ta kwana a wani gidan, tare da hoton takardar tsari da na alamomin allin da ke ƙasa, don in za a ƙara wata waƙa bayan wata guda kowa ya koma daidai inda ya tsaya.